Kwana Tara Ba Daffaya

Shekarar da aka rushe tsohuwar unguwarsu don a fitar da titi, Idrisu da matarsa Fatsuma suka koma wani sabon gidan haya a unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad, bayan kasuwar kayan lambu. Gidan siminti ne mai hawa biyu, da tagogin alminiyam da ƙofofin ƙarfe, fentinsa ma bai gama bushewa ba. Duk wanda ya zo yi musu barka da tarewa sai ya shafa bango ya ce Allah ya yi musu canjin alheri. Su ma haka suka ɗauka, har sai da sanyi ya shigo.

Idrisu mutumin Gumel ne. Aikin Hajji ya kawo su ƙasar shekara goma sha tara da suka wuce, shi da Fatsuma da 'yarsu guda, suka ce bari su ɗan zauna a tara guzurin komawa, zama ya zarce. 'Yar ta girma ta yi aure a Madina. Shi kuwa direban wayit ne, wato tankar ruwa, a wani kamfanin gine-gine. A waɗannan shekaru na kuɗin mai, duk inda ka juya a Riyad gini ake yi, kuma kowane gini ruwa yake sha kamar raƙumi, don haka tun daga sallar Asuba har bayan La'asar Idrisu yana kan hanya.

Tsohon gidansu na ƙasa ya iya riƙe ɗumi. Wannan kuwa, da kwanaki arba'in na tsananin sanyi suka kama, sai ya koma kamar randa. Fatsuma tana da ciwon gwiwa tun da daɗewa, sanyin siminti ya shiga ƙashinta, ta kai ga sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga sallah. Ba ta yi ƙorafi ba, ba halinta ba ne. Amma Idrisu yana gani.

Ran wata Juma'a ya je kasuwar gwanjo ya dawo da daffaya a bayan wata a-kori-kura. Murhun ɗumama ɗaki ne na baƙin ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, da ɗan tankin kananzir a gefe da bututun fitar da hayaƙi. Shi da kansa ya huda bango ya zura bututun, ya liƙe gefensa da siminti. Sannan ya bi taga da ƙarƙashin ƙofa ya toshe duk wata kafa da tsumma, kada ɗumin ya tsere. Da wutar ta kama, Fatsuma ta miƙe ƙafafunta gaban murhun ta lumshe ido.

“Malam, Allah ya biya ka da Aljanna,” in ji ta. “Yau na ji yatsun ƙafata nawa ne.”

Ranar ya ci tuwo malmala uku.

Bayan kamar mako biyu Fatsuma ta fara ciwon kai. Daga nan sai barci, barci mai nauyi da rana tsaka, ita da ba ta san kwanciyar rana ba. Ya dawo aiki wata rana ya tarar miya ta ƙone ƙurmus, tana zaune tana kallon tukunyar. Wata rana ta zuba gishiri a shayi. Wata rana ta idar da sallar Magariba, ta tashi ta sake tayar da ita. Sai ranar da ya yi sallama ta ɗago ta dube shi ta daɗe, ta ce, “Inuwa, yaushe ka zo?”

Inuwa yayanta ne. Ya rasu a Gumel tun kafin su baro gida.

Idrisu ya kai ta asibiti. Layi ya yi tsawo, likita ya duba idonta da harshenta cikin gaggawa, ya tambayi shekarunta, ya rubuta ƙwayar ciwon kai. Matan Hausawa na unguwar suka zo dubiya, wata ta ce iska ce, sabon gida ba a rasa shi da masu shi. Wata ta ja Idrisu gefe ta ce ruɗewar tsufa ce ta zo mata da wuri, haka gwaggonta ta fara. Ya karɓo rubutu, ya yi tofi, ya ƙara mai a daffaya, don a ganinsa ko me ke damunta, sanyi zai ƙara shi. In zai fita da asuba sai ya cika tankin, ya ja mata ƙofa ya rufe ruf. Shi ma yakan tashi da kai mai nauyi, amma kafin ya cika tanka ta farko ya washe, sai ya ɗora laifin a kan shekaru.

A hanya, shi kaɗai a mota, yakan yi tunanin abin da bai iya faɗa wa kowa ba. Shekara talatin da huɗu suna tare. Ita ke tuna masa ranar sabunta takardar zama, ita ta san sunan kowane ɗa da jika na dangi a Gumel da ba su taɓa gani ba. In hankalinta ya tafi, wa ya rage da ya san shi tun yana da baƙin gashi?

Ana cikin haka, ran wata Asabar da La'asar sakaliya, ya dawo ya tarar da wani mutum a bakin ƙofarsu da akwatin kayan aiki. Baƙi ne dogo, zai yi shekara arba'in, da rigar aiki mai ruwan toka. Mutumin ya gaishe shi da Larabci, sannan ya juya zuwa wata irin Hausa mai karkata, ta waɗanda aka haifa a Makka.

“Baba, sunana Isma'il. Mai gidan nan ya turo ni. Makon jiya an yi rashi a wani gida can wajen kasuwa, ma'aikata uku a ɗaki ɗaya, suka kwanta ba su tashi ba. Ya ce in duba duk mai daffaya.”

Idrisu ya yi musu addu'a, ya shiga ya lulluɓa wa Fatsuma mayafi, ya ce masa bismilla. Yana ma jin daɗi a ransa, a zo a ga aikin hannunsa.

Isma'il bai yi taku uku a ɗakin ba ya tsaya. Ya shaƙi iska, ya dubi bangon da ke bayan murhun inda baƙin kunkunniya ya yi zane har sama. Ya durƙusa ya leƙa wutar, ja ce mai lilo maimakon shuɗiya. Bai nemi izini ba ya murɗe mai, ya miƙe ya fizge tsummokaran taga, ya buɗe ta wangwam. Iska mai sanyi ta faɗo ɗakin kamar an watsa ruwa.

“Kai! Lafiya?” in ji Idrisu. “Ba ka ga marar lafiya ba?”

“Na gani, Baba. Yaushe ta fara?”

“Ina ruwanka da yaushe ta fara? Rufe min taga.”

“Kanta yana ciwo? Tana amai? Tana mantuwa?”

Isma'il ya ciro sifana, ya kwance ɗan famfon da ke sakin mai daga tanki zuwa murhu, ya naɗe shi a ƙyalle ya jefa aljihu.

“Wannan daffaya ba za a kunna ta ba. Hayaƙi ba ya fita, cikin ɗaki yake dawowa. Akwai wanda ido ke gani, akwai wanda ba wari ba launi, shi ne mai kisa. Sai an sauke bututun duka an sa sabo.”

“To sa mana, ga ni ga ka.”

“Babu irinsa yanzu. Kaya sun cushe a tashar jirgin ruwa, kowa jira yake. Kwana bakwai, ko goma.”

“Goma! A cikin wannan sanyi?” Muryar Idrisu ta ɗaga. “Da kuɗina na saya, da hannuna na kafa. Kai wane ne da za ka shigo ɗakina ka sa kayana a aljihu? Matar nan da ƙyar take tashi. In sanyi ya kama ƙirjinta, kai za ka yi jinya?”

Isma'il ya bar shi ya gama. Ya rufe akwatinsa a hankali.

“Baba, ka zage ni, na yarda. Ka kai ƙarata wurin mai gida, na yarda. Amma ni na fito da mutanen can uku, ni da ɗan sanda. Ba zan ba ka famfon nan ba.” Ya kai bakin ƙofa ya juyo. “Kuma don Allah, don Annabi, kada ka shigo da gawayi. Shi ya fi wannan sharri.”

Idrisu bai amsa sallamarsa ba.

Washegari ruwan buta kamar zai yanke yatsu. Ya tara wa Fatsuma duk bargon da suka mallaka, har da dardumar baƙi, amma da ya taɓa ƙafarta sai ya ji kamar dutse. Tana ta rawar ɗari tana tambayarsa me ya sa aka kashe wuta, ko ta yi wani laifi ne. Ya gaya mata, bayan ɗan lokaci ta sake tambaya. Ya fita aiki ransa a ɓace, ya kusa taka wa wani mai jaki kaya a kwanar kasuwa.

Da ya taso, ya biya ya sayi rabin buhun gawayi da kasko. Ya hura a tsakar gida har garwashi ya yi ja, ya ɗauko da ƙyalle a hannu, ya nufi ɗaki. A bakin ƙofa ya tsaya. Tun yana yaro a Gumel da kaskon wuta ake kwana, wa ya mutu? Amma ɗakunan Gumel na da rufin azara da ƙofar asabari, iska na shiga ta ko'ina. Ya dubi ƙofar ƙarfen, ya dubi tagar alminiyam. Ya tuna yadda Isma'il ya ce shi ya fito da mutanen nan uku. Zafin kaskon ya fara cin tafinsa. Ya juya ya ajiye shi a tsakar gida, ya zauna a kan dakali yana huci kamar wanda ya yi dambe.

Daga inda yake zaune ya hango ragowar jan bulo da magina suka bari a lungu. Ya ɗebo shida ya jera a kan garwashin. Da suka yi zafi ya naɗe kowanne a tsohon zane, ya kai ya jera mata, biyu a ƙafa, biyu a gwiwa, biyu a baya. Bai daɗe ba ya ga rawar ɗarin ta lafa. Daga ranar wannan ya zama aikinsa, safe da yamma, shida na wuta shida na gado.

A wurin ɗiban ruwa akwai wani direba Balarabe mai suna Mutlaƙ, mutumin ƙauye, da suka shekara biyar suna bin layi ɗaya. Ya ga idon Idrisu ya yi zuru-zuru, ya tambaya, Idrisu ya ba shi labari yana neman wanda zai taya shi zagin Isma'il. Mutlaƙ bai taya shi ba. Ya cire farwarsa, wata babbar alkyabba mai gashin tunkiya a ciki, ya cusa masa ta tagar mota, ya ce a kai wa uwar gida, shi jikinsa ya saba. Kafin Idrisu ya buɗe baki ya ja motarsa ya tafi.

Farwar ta yi amfani. Amma a rana ta huɗu aka tashi da gajimare da iska, wata maƙwabciya da ta saba leƙo ta kuma ta tafi suna a wata unguwa. Idrisu ya tsaya da makullin mota a hannu, ya kasa fita ya bar ta ita kaɗai a wannan ɗaki. Sai wata dabara ta faɗo masa. Gaban tankar, saboda inji na ƙarƙashin kujera, ɗumi gare shi kamar gidan burodi.

“Fatsuma, tashi ki sa abaya. Yau tare za mu je aiki.”

Da ƙyar ya tura ta ta hau, tana cikin farwa kamar ƙunshin kaya. Ya ɗan sauke gilashi kaɗan, suka kama hanya. Rabonta da ta zaga gari tun kafin su tare. Tana ta kallon dogayen ƙarafan ɗaga kaya da ramukan da aka haƙa a inda da gonakin dabino suke. Ya kai tanka ɗaya, ya kai ta biyu, yana ajiye motar nesa da ma'aikata. Ya saya mata shayi da gurasa mai zafi, ta cinye tas, abin da ta yi makonni ba ta yi ba.

A tafiya ta uku, sun tsaya a wata mahaɗa ana jiran ɗan sanda ya ba da hannu, sai ta nuna da haɓa.

“Nan ba nan ne gidan Hansai mai ƙosai yake ba? Ga itacen magaryar nan, shi kaɗai suka bari.”

Idrisu ya duba. Magaryar ce kuwa, tsaye a tsakiyar tarin yashi.

“Ita ce,” in ji shi a hankali.

“Allah sarki. Ɗanta Basiru ai ya koma Jidda, ko? Wanda ya auri 'yar mutanen Damagaram.” Ta gyara farwa, ta juyo ta ƙare masa kallo. “Malam, wannan rigar kwana nawa a jikinka? Dubi wuyanta. Haka kake shiga mutane?”

Ɗan sanda ya ba da hannu, motocin baya suka dinga oda, Idrisu bai motsa ba. Hannunsa na kan giya amma ya manta yadda ake sa ta.

“Wane ne ni?” ya tambaye ta.

“Wace irin tambaya ce wannan? Ka ja mota, mutane na zaginmu.”

“Ki dai faɗa.”

“Idrisu na Malam Uba, mai taurin kai tun yana saurayi. Ka ji daɗi? Ja mu tafi.”

Ya ja motar ya tsallake mahaɗar, ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Fatsuma ta yi ta tambayarsa ko cikinsa ne ke ciwo.

A kwanakin da suka biyo ta dinga dawowa kaɗan-kaɗan. Ciwon kan ya tafi, nasa ma ya tafi. Ta karɓe girki, ta yi faɗa a kan yadda ya hargitsa mata kwanuka. Idrisu yana murna, amma murnar na tafe da ɗaci, don yanzu ya gane hayaƙin daffaya ne ya jawo ciwon.

Rana ta tara Isma'il ya dawo da sabbin bututu a kafaɗa. Ya yi sallama yana shirin jin faɗa, sai ya ji muryar mace daga ciki tana cewa a shigo da baƙo, ga shayi a wuta. Ya dubi Idrisu, Idrisu ya sunkuyar da kai.

Tare suka sauke tsohon bututun. A gwiwar bututun, daidai inda ya shiga bango, akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa da tsatsa ta ci. Da suka buga ƙarshensa a ƙasa, sai ga kunkunniya ta zubo, da tsinkayen sheƙar tsuntsu cunkus. Idrisu ya tsuguna ya daɗe yana kallon tarin baƙin.

“Ni na rufe ta da wannan,” in ji shi. “Kullum da asuba sai na cika mai, in toshe ƙofa, in tafi. Ina cewa gata nake mata.”

“Ba ka sani ba, Baba.”

“Da ka ba ni famfon nan ranar, da na kunna. Wallahi da na kunna.”

“Shi ya sa ban bayar ba.”

“Ka yafe min abin da na faɗa maka.”

Isma'il ya ce babu komai, an yi masa wanda ya fi haka, wani har da takalmi ya bi shi. Ya haɗa sabon bututun, ya sa masa hula da raga a waje saboda tsuntsaye, ya wanke cikin murhun, ya mayar da famfon. Ya nuna wa Idrisu irin launin da wuta ya kamata ta yi, ya ce taga a bar ta buɗe faɗin tafin hannu ko da ƙanƙara ke zuba, kuma ba a kwana da daffaya a kunne. Ya ƙara da cewa a mayar da Hajiya asibiti a gaya wa likita ainihin abin da ta shaƙa. Sannan ya miƙa masa ashana.

Idrisu ya karɓa. Ya durƙusa gaban murhun, ya zaro tsinke. Na farko ya karye. Na biyu ya kama ya mutu kafin ya kai shi.

“A bar ta kawai,” in ji shi. “Bulo na yi mana aiki. Sanyin ma saura kaɗan.”

Fatsuma ta ajiye butar shayi. Ta ji duk abin da aka faɗa a tsakar gida.

“Malam, bayanka ya gaji da ɗaukar bulo, ni ma na gaji da kwana da duwatsu. Mutumin nan ya gyara. Kawo.”

Ta karɓi ashanar, ta dafa kafaɗarsa ta durƙusa, ta ƙyasta sau ɗaya. Wutar ta zagaye murhun, ta yi ɗan lilo, ta zauna shuɗiya. Su uku suka sha shayi a gabanta, iskar taga na kaɗa labule.

Likitan da suka gani a karo na biyu ya saurari labarin sosai, ya ce ta auna arziki. Yawancin abin ya warke, amma ba duka ba. Makonni biyar ɗin nan ba su taɓa dawo mata ba; in aka ba ta labarin abin da ta yi, sai ta saurara kamar ana maganar wata. Kuma har ƙarshen zamansu a Riyad, in ta gaji, kalma takan ɓace mata a tsakiyar magana, ta tsaya tana laluben ta. A irin wannan lokaci Idrisu ba ya gaggawar cika mata. Yakan ajiye abin da ke hannunsa ya jira har ta samo da kanta.